Jita Mai Tsirkiya Biyu

Shekara goma sha tara nake buga masa ganga,
ni Eutiquio, ɗan masunta, mai gajen haƙuri.
Shi kuwa Dioscoro, in zai hau dandamali,
sai ya taɓa goshi, ya taɓa ƙirji, kafaɗa da kafaɗa,
ni ina bayansa ina duba agogo.

Daren da guguwa ta ci gabar Samar muna Cebu,
an sayar da tikiti, an goge fitilu.
Da asuba ya ga ƙauyen a waya:
itatuwan kwakwa a tsaye ba kai,
jirgin ruwa ya kwana a tsakar kasuwa.
Bai ce uffan ba. Ya rufe akwatin jitarsa,
wadda ya yi shekara shida yana biyan bashinta,
ya fita da ita, ya dawo da rasit:
kwanon rufi ɗari da arba'in, ƙusa buhu biyu,
shinkafa, da ƙwayar tsarkake ruwa.

Na ce, "Coro, ka sayar da gona ka sayi iri?"
Ya ce, "Wanda nake yi wa waƙa kafinta ne,
ya san ƙarar guduma. Kama wancan gefen."

Kwana biyu a kwale-kwale, ina amai, yana addu'a.
Ni na ce inji ne ya kai mu.
Ya yi dariya bai musa ba.

Gida na bakwai da muka hau, na Mana Restituta ne.
Tana zaune kan turmi, ba ta ɗago ba.
Can ta ce, "Kai ne na rediyo, mai waƙar alherin Yesu?
Ina alherin yake da ruwa ya kai wuyan Leoncio?
Na kira sunan nan har muryata ta mutu."
Na zaci wa'azi zai ɓarke.
Akwai ƙusa uku a bakinsa.
Ya cire su, ya dube ta, ya dube ta,
ya mayar da su, ya hau tsani.

Cikin dare na fita fitsari, na ji shi bayan jirgi,
ba waƙa yake ba, rigima yake da Ubangijinsa:
"Ka dai ji ta. Ni ba ni da amsa.
Kai da ka san ɗacin gicciye, Kai ka ba ta."
Na koma a hankali, kamar wanda ya leƙa ɗakin da ba nasa ba.

Ran tara, ranar da ake addu'ar mamata,
aka kunna kyandir a cocin da ba rufi.
Sai ga ta da wani abu naɗe a zane:
jitar yaron, an tono ta daga laka,
tsirkiya biyu suka rage, cikinta fal da yashi.
Ta ajiye masa a cinya ba magana.

Yatsunsa duk kwano ya yayyanka.
Ya ja ta farko, ta yi kuka kamar ƙofa.
Ya ja ta biyu.
Da waɗannan biyun ya lallaɓa ya kai ƙarshen waƙa,
yashi na motsi a ciki kamar teku na numfashi.
Na jawo jarkar ruwa, na bi shi da tafin hannu.
Restituta ba ta rera ba, ba ta ce amin ba.
Amma ba ta tashi ba sai da kyandir ya ƙare.

Har yau ni sai Kirsimeti coci ke ganina,
shi kuma da jitar aro yake hawa dandamali.
Mai tsirkiya biyun tana rataye a ɗakinsa.
Na ce, "Kawo in zazzage maka yashin nan."
Ya riƙe hannuna.
Ya ce, "Bar shi. Tambayarta ce.
Ba a amsa ba tukuna."